An Nemi Shawara, Ashe Yabo Ake So

Wani abokina ya roƙe ni in duba sabon shafin intanet na ƙungiyarsu, in faɗa masa gaskiya tsakani da Allah. Na buɗe shi a waya, kamar yadda yawancin mutane za su yi, sai wani ƙaton hoton shugabansu ya tare gaba, yana cinye mini data kafin rubutu ya bayyana. Lambar wayar ofis kuwa, wadda ita kowa yake nema, an binne ta cikin takardar PDF, sannan haruffan ƙ da ɗ duk sun koma akwatuna. Da na lissafa masa waɗannan, sai ya ɓata rai, wai ai shugaba ya yaba da launin shafin.