A fito da na'urar hangen taurari cikin unguwannin Gombe

Tarukan zaman lafiya da ake yi a jihar Gombe galibi na manya ne, malamai da fastoci da hakimai, waɗanda dama sun san juna. Yaran Bolari da na Billiri da na Kaltungo, waɗanda za su gaji wannan zama, ba safai wani abu ke haɗa su ba in ba ƙwallo ko jarrabawa ba. Ina ganin lokaci ya yi da za a riƙa tara su kallon sama.

Wata ya isa hujja. Musulmi ba ya ɗaukar azumi ko ajiye shi sai kwamitin ganin wata na Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Ista ma ba ta da tsayayyar rana, domin ana yin ta ne ranar Lahadin farko bayan cikar wata ta farko da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta. Gidaje biyu ke nan da wata guda ke tsara wa ibada, amma matasa da yawa ba su taɓa jin na maƙwabcinsu ba.

A kafa na'urar a filin makaranta daren bakwai ga wata. Yaro zai rufe ido ɗaya ya leƙa, ya tarar da ramuka da duwatsu a bakin da haske ya haɗu da duhu, nisan kilomita wajen 384,000 daga inda yake tsaye. Kafin ya gama mamaki watan ya sulale daga gilashin saboda duniya na juyawa, dole a sake saita wa na bayansa. A irin wannan layi babu mai tambayar sunan wani. Abin da za ka ji kawai shi ne "ka gani?" da "matsa in gani".

Kafin mai digiri ya buɗe baki, a ba dattawa dama. Makiyayi da tsohon manomi sun san taurarin Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki, kuma da su suke auna dare da ƙaratowar damina. A bar Batangale da Bafulatani da Batere kowa ya faɗi abin da kakanninsa suka ce.

Wasu za su ce wannan ƙofar duba ce da bokanci. Ba haka ba ne. Mai duba yana da'awar sanin gaibu, wannan kuwa kallon halitta ne da lissafi. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna taurari da Bature Clapperton a Sakkwato, yana kiran sunayensu da Larabci. Rashin wannan ilimi ne ma ke da haɗari. A Janairun 2001, bayan husufin wata, matasa sun far wa otal-otal da mashaya a Maiduguri, suna cewa zunubin mutane ne ya jawo. Alhali ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, shi kuma ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Yaron da aka nuna wa yadda inuwar duniya ke faɗawa kan wata zai yi wuyar zugawa.

Ba sai an jira Abuja ba. Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna da ɗaliban kimiyya da za su iya ɗaukar na'ura ɗaya su zagaya da ita, wannan wata a Islamiyya, wata mai zuwa a makarantar mishan, kowace ta gayyaci ɗayar. Ƙarshen damina ya fi, kafin hazo ya sauko. Kuma tun da watan daren bakwai yana tsakiyar sama da magariba, ana iya tashi kafin tara, iyaye su bar 'yan mata su zo.