Wai Shinkafa Ma Yanzu "Sai Wane da Wane"

Jiya da la'asar na tsaya a wani shagon kayan masarufi a unguwarmu nan Kano, zan auni shinkafa kwano biyu saboda surukaina da suka zo. Na nuna buhun da ke bakin ƙofa na ce, "Samari, nawa kwanon wannan?" Yaron ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Na sake tambaya. Sai ya dubi silifas ɗina, ya dubi hulata da ta koɗe, sannan ya ce, "Baba, wannan fa sai wane da wane. Ga afafata can ciki, ita ce daidai ku."

Daidai mu! A gaban mata da yara, yaron da autana ma ya girme shi. Na danne zuciyata na ce, "Ɗana, kuɗinta na tambaye ka." Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai gara in rage maka wahala." Ana haka wani ya faka mota, yaron ya miƙe zumbur, har da rusunawa: "Alhaji barka da zuwa, buhu nawa za a sa?"

Kalmar nan ce ta hana ni barci. Da ya ce shinkafar ta yi ɗan karen tsada, da na haƙura, domin kayan ya siffanta. Amma "sai wane da wane" ni ta auna, ta ware ni gefe. Da can ana faɗinta ne a kan shaddar Getzner, ko gida a unguwar Nasarawa, ko zuwa Umra duk azumi, abubuwan da talaka ke ji ya wuce abinsa. Yau ta sauko kan shinkafa, da ƙwai, da nama, har da maganin hawan jini. Afafatar da ya tura ni gare ta kuwa, tsakin da masu casa ke fitarwa ce, wadda a da masu kiwon kifi ke saya.

Wa ya koya wa yaron nan raina na ƙasa? A Agustan 2019 aka rufe iyakoki, aka ce mu ci shinkafar gida. Muka ci, ita ma ta tashi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali a shekarar buhun shinkafa ɗaya ya lanƙwame shi. Da jama'a suka fito kukan yunwa a Agustan 2024, dokar hana fita aka saka mana a Kano.

Na bar masa shagonsa ban sayi komai ba. Surukaina taliyar Hausa da manja suka ci, ni kuwa har suka tafi ban iya haɗa ido da su ba.