Ha Tay, lardin da Hanoi ta haɗiye

Mu nan kullum kukanmu a ƙirƙiro mana sabuwar jiha, su kuwa mutanen Biyetnam haɗe nasu suke ta yi, a 2025 ma sun rage larduna daga 63 zuwa 34. Ni dai duk wanda zai tafa musu ina so ya fara duba abin da ya faru da Ha Tay.

A da lardi ne a yamma da kudancin Hanoi, babban birnin ƙasar, ƙasar noman shinkafa a kwarin Jan Kogi, ga dutsen Ba Vi inda ƙabilun Muong da Dao suke zaune. Tun asali ma shi kansa haɗi ne, a 1965 aka haɗa lardunan Ha Dong da Son Tay aka ba shi wannan suna, a 1975 aka haɗe shi da lardin Hoa Binh, a 1991 aka sake raba su, sannan ran 1 ga Agustan 2008 aka miƙa shi gaba ɗaya ga Hanoi, girman birnin ya ninka fiye da sau uku. Mutum ɗaya bai bar ƙauyensu ba amma an canza masa adireshi sau huɗu, haba!

Kuma ba ƙaramin wuri bane fa. A ƙauyen Duong Lam aka haifi Ngo Quyen, wanda ya fatattaki sojojin China a kogin Bach Dang a 938. A ƙauyen Van Phuc kuma har gobe siliki suke saƙawa, shi ya sa ake yi wa yankin kirari da ƙasar sana'o'i ɗari.

Masu goyon baya za su ce ai an samu tituna, an rage ofisoshi da kashe kuɗi, gaskiya ne ban musa ba. To amma manomi fa? A Biyetnam ƙasa a hannun gwamnati take, manomi izinin amfani kawai gare shi, don haka da birni ya matso gonakin shinkafa da yawa suka koma rukunin gidaje, a ba shi diyya kaɗan, ɗan kasuwa ya sayar da tsada. Ofishin da zai kai kuka kuma yanzu na babban birni ne mai mutane miliyoyi, wa zai saurari ɗan ƙauye a can?

Sunan Ha Tay ya fita daga taswira, amma tsofaffin Son Tay har yanzu in ka tambaye su 'yan ina ne, "Xu Doai" za su ce maka, wato ƙasar yamma, sunan da ya girmi duk waɗannan haɗe-haɗen.