Wa yake duba mai jego kafin ranar suna?

'Yan uwa Hausawa mazauna Gadarif, Kasala, Mai Wurno da sauran garuruwanmu na Sudan, akwai wani al'amari da muka daɗe muna kawar da kai daga gare shi. Da zarar an ce mace ta sauka lafiya, hankalin gida yakan koma kan ragon suna da ɗinkin mai jego da abincin 'yan barka, alhali kwanakin nan na farko su ne mafi haɗari ga uwa da abin da ta haifa. Kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa a watansu na farko, a cikin makon farko suke rasuwa, wato kafin ma a raɗa musu suna ko daidai lokacin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ma'aikaciyar lafiya ta duba mai jego da jaririnta a cikin awa 24 na farko, sannan a rana ta uku, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida, wanda ya zo daidai da arba'in ɗinmu. Duk wanda ya ga ƙwararriyar daya, wato ungozoma, tana wannan aiki ya san ba ziyarar barka ba ce. Takan ɗora hannu a ƙasan cibiyar mai jego don ta ji ko mahaifa ta tsuke ta yi tauri, ta tambayi zane nawa jini ya jiƙa tun safe, ta auna hawan jini, ta kuma bincika ko akwai ciwon kai mai tsanani ko ganin hazo, domin jijjiga tana iya kama mace ko bayan ta haihu. Daga nan ta buɗe jariri ta duba cibiyarsa ko tana ruwa ko wari, ta dubi farin idonsa saboda ciwon shawara, ta zauna har sai ta ga yadda yake kama nono. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake ganin mace tana jiƙa zane bayan zane, fuskarta tana yin fari, amma a ce mata dattin ciki ne ke fita, ta yi haƙuri.

Ina girmama iyayenmu mata masu wankan jego, domin su ne ke kwana da mai jego sa'ad da kowa ya watse. Duk da haka, binciken da likitoci suka yi a Zariya tun shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Haka nan dakashin da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafin farko na jariri. Waɗannan abubuwa ba za su gyaru da faɗa ba, sai dai idan wadda ta san aikin, ta kuma san ladabin shiga ɗakin tsohuwa, ta zauna ta yi mata bayani da harshen da ta tashi da shi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lamarin. Asibitoci da yawa a Khartum sun daina aiki, kuma bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 jama'a suka kwararo gabas, har gadajen haihuwa suka yi kaɗan. Macen da aka sallama sa'o'i kaɗan bayan ta haihu ba ta da mai lura da ita sai wadda ke kusa da gidanta.

Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da za mu tura 'ya'yanmu mata su koyi aikin daya da na jinya. Makarantar ungozoma ta Umdurman da aka buɗe a 1921 ta fara ne da matan da ba su iya karatu ba, ana koya musu gane magani ta hanyar ƙamshinsa da ɗanɗanonsa, kuma suka yi aikin da ƙasar nan ta amfana da shi. Me zai hana yarinyar da ta gama sakandare a yau? Mai haihuwar fari da kunya ta hana ta buɗe baki gaban likita namiji za ta gaya wa 'yar unguwarsu komai.

Ku kuma magidanta, ku ba da izinin zuwa asibiti tun ciki yana wata bakwai, ku ajiye kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku, a hannun uwargida, ku san wanda zai ba da jini idan an buƙata. Ina roƙon dattawan kowace unguwa da limamanmu su haɗa hannu su ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya, bisa sharaɗin idan ta gama za ta dawo ta riƙa zagaya gidajen masu jego a cikin makon farko.