Lakwal ce ta ba da vakansi, ba addu'a ba

Wannan maganar da aka saka jiya a grup ɗin iyaye, wai a bar yara su sha iska vakansi ne, in an koma lakwal sai a ci gaba da addu'ar gida, ni dai ban yarda da ita ba ko kaɗan. Wanda ya rubuta babba ne, ba zan kama suna ba, amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda iyaye mata suka bi layi suna "gaskiya ne baba". Gaskiyar me?

Daga Yuli har ƙarshen Satumba fa ake magana, wata 3 cur yaro bai ji an buɗe Littafi Mai Tsarki a gabansa ba, sannan Oktoba ku turo mana shi makarantar Lahadi ku ce malama ta gyara. Wace gona ce ake bari wata 3 cikin damina a dawo a tarar ba haki? Mu awa guda muke samunsu a sati, sauran duk a hannunku suke.

Ku shiga kar ta asuba daga Yamai zuwa Tahoua, ta Doso da Dogonduci da Ƙonni, ku ga abin da maƙwabtanmu musulmi ke yi. Lokacin salla na yi mota ta tsaya, tsoho ya sauka da butarsa, ƙafa ta kumbura don zama, ya yi alwala bakin kwalta ya shimfiɗa ɗan abin sallarsa. Matafiyi ne, an rage masa raka'a amma ba wanda ya ce masa ya bari sai ya dawo gida. Yaronka kuma na bakin taga yana kallon wannan duka, ya juyo ya ga babansa da waya a hannu tun daga gar, ko "mu yi addu'ar tafiya" ba a ce ba. Me kake so ya ɗauka a ransa game da bangaskiyar gidansu?

Na san abin da za a ce, ai ƙauyen ba majami'a. To sai me? Matiyu 18:20 mutum biyu ko uku ya ambata, kai da matarka da yara ai kun wuce haka. Ai gidan dangi muka sauka kuma su ba masu bi ba ne. Ni ma rabin dangina musulmi ne, ban taɓa ganin kawun da ya hana mu shiga ɗaki mu rera waƙa ɗaya a hankali mu yi addu'a ba, asali ma wanda suka ga ya riƙe nasa shi suka fi ganin girmansa. Ai gajiya, ai Littafin na da nauyi a jaka. Yana cikin wayar nan da kake riƙe da ita, da Hausa ma.

Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa 'ya'ya ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, da kwanciya da tashi. Hanya na ciki, 'yan'uwa. Daniyel a Babila yake, ƙasar wasu, sarki ya kafa doka, bai fasa durƙusawa sau 3 a rana ba. Mu da muka ga Janairun 2015 da idonmu, aka ƙone majami'u a Zinder da nan Yamai kuma mutane suka ci gaba da taruwa suna sujada, yanzu hutu ne zai sa mu ajiye addu'a? Hawaye ke zo min in na tuna.

Ba wa'azin awa biyu nake nema ba, aya ɗaya, waƙa ɗaya, kowane yaro ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai, baba ya rufe da addu'a, kafin tuwo ya huce an gama. In kuma yaran kaɗai za ku tura wurin kaka, ku sa wa babban cikinsu Littafin Waƙoƙi a jaka ku ɗora masa nauyin.

Kuma tunda maganar jaka ta zo, don Allah ku riƙa haɗa su da gidan sauro. Agusta da Satumba lokacin masassara ne, kowace shekara sai yara sun dawo mana daga ƙauye a rame, wasu daga gar sai likita, alhali gidan sauron na nan ninke cikin leda a saman kwaba.