Ga mai son digirin digirgir a topolojin kwamfuta

Topoloji reshen lissafi ne da ke nazarin siffar abubuwa da ramukan da ke cikinsu, a nan kuma da kwamfuta ake yin sa. Kafin ka cike takardar neman gurbi, ka san abin da za ka wuni kana yi. Za a ba ka tarin ɗigo na bayanai, ka zagaye kowane ɗigo da da'ira, ka riƙa faɗaɗa ta sannu a hankali, kana lura da lokacin da rami ya ɓulla da lokacin da ya toshe. Ramin da ya daɗe shi ake ɗauka siffar gaskiya, wanda ya toshe da wuri galibi tarkace ne. Edelsbrunner da Letscher da Zomorodian ne suka wallafa wannan hanya a 2002, Gunnar Carlsson na Jami'ar Stanford kuma ya ja hankalin masu nazarin bayanai zuwa gare ta a 2009.

A ganina, iya aljabara kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba a nan. Idan da'irori suka taɓa juna, ana haɗa ɗigo biyu da layi, uku kuma da alwatika, don haka ɗigo 1,000 kacal na iya haifar da layuka 499,500 da alwatika sama da miliyan 166, kuma dole a lissafa da alwatikan idan ana neman ramuka. Nan kwamfuta ke cijewa. Shi ya sa ake ƙayyade iyakar faɗin da'ira, ko a tsamo samfuri daga cikin ɗigon, a kuma yi aiki da manhajar Ripser ta Ulrich Bauer ko manhajar GUDHI ta cibiyar bincike ta Inria a Faransa. Ka koyi harshen shirya manhaja na Python tun yanzu, na C++ daga baya.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne awo. Idan wani ginshiƙi a jadawalin bayananka na mita ne, wani na kilogiram, ba ka daidaita su ba, ramin da ka gani na ma'auninka ne. Ka'idar daidaito ta 2007 ta ce idan ɗigo suka ɗan gusa, sakamako ma kaɗan zai gusa. Ba ta kare ka daga baƙon ɗigo guda da ya faɗo tsakiyar zobe ba, wanda shi kaɗai ya isa ya ɓata maka sakamako.

Sai tambayar da masu tantance maƙala ba sa fasa yi: me topoloji ta ƙara a kan ƙididdiga ta yau da kullum? Ka gwada hanya mai sauƙi tukuna, ka ajiye sakamakonta gefe da naka.

Batun aiki kuwa, sashen lissafi zai nemi hujja, sashen kwamfuta zai nemi maƙala a taro irin SoCG, taron masana lissafin siffofi da kwamfuta. Ka zaɓi gida ɗaya tun a shekarar farko, ka duba ɗaliban malamin da kake so, ina suka samu aiki bayan sun gama.