Ruwan da ke gangarawa fadamar Hadeja da Nguru ba asara ba ne

A ofisoshin da ake tsara ayyukan ruwa a ƙasar nan akwai wata magana da aka daɗe ana maimaitawa har ta zama kamar karatu: wai ruwan kogi da ba a tare ba, ruwa ne da ya tafi a banza. Da wannan tunanin aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka kammala ta Challawa a 1992, kuma da shi ake ta tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are a jihar Bauchi duk bayan 'yan shekaru. Ni dai a ganina wannan magana kuskuren lissafi ce, kuma talakawan Jigawa da Yobe ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Ruwan da ya wuce Wudil ya nufi gabas ba ɓacewa yake yi ba. Yana isa ƙasar Hadeja, inda ƙasa ta kwanta shimfiɗe, ya rarrabu cikin ƙoramu, ya haɗu da na Jama'are, ya malale a fadamun Kirikasamma da Guri da Nguru da ƙasar Bade. Da ruwan ya hau, a shuka shinkafa. Da ya fara ja da baya, a bi danshinsa da wake da sauran amfani. Kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, masunta su samu na shekara. Da rani ya tsananta, Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya zama ƙura. Mata su yanki kaba su saƙa tabarma, a tsinci goruba, a sami itacen girki. Abin da ya nutse cikin ƙasa kuma shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ko kogin ba sa gani. Ragowar ta bi Komadugu Yobe ta Gashuwa da Gaidam, ta shayar da gonakin tattasai na Diffa a Nijar, kafin ta kai tafkin Chadi.

Duk wannan aiki ne, kuma aiki mai tsoka. Matsalarsa ɗaya: babu rasit. Masana suna kiransa hidimar da muhalli ke yi wa ɗan Adam, wato abin da kogi da daji da fadama ke yi mana ba tare da an biya su ba. Shi kuwa ma'aikacin da aka ba takarda ya auna ribar madatsa, abin da ke da farashi a kasuwa yake iya rubutawa: buhun shinkafa nawa, kwandon tumatir nawa, hekta nawa za a shayar. Abin da bai da farashi sai ya bar gurbinsa babu komai, kuma a lissafi gurbin da babu komai sifiri ne. Haka fadama gaba ɗayanta ta koma sifiri a takardun gwamnati.

Abin da ya sa na zaɓi fadamar Hadeja da Nguru shi ne, tana cikin wuraren da aka fara cike wannan gurbi a duniya. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa William Adams da Kevin Kimmage sun zauna sun auna abu uku kacal da fadamar ke bayarwa: noma, kamun kifi, da itacen girki. Sai suka gwada da ribar aikin noman rani na kogin Kano, wanda ke shan ruwan Tiga. A kowace hekta, fadama ta ba da ribar dala 34 zuwa 51, aikin noman ranin ya ba da 20 zuwa 31. Da aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, tazarar ta zama abin mamaki: kowace lita miliyan ɗaya da ta malala a fadama tana haifar da ribar kusan dala 10 zuwa 14, wadda aka zuba a magudanan noman rani kuwa ribarta ba ta kai senti biyar ba. A tuna ba a sa kiwo a ciki ba, ba a sa ruwan rijiya ba. Daga baya masaniyar tattalin arziki Gayatri Acharya ta bi sawun ruwan da ke nutsewa ƙasa, ta nuna cewa manoman rani masu tiyo da masu ɗiban ruwan sha su ma a kan ambaliyar fadamar suke rayuwa, ko sun sani ko ba su sani ba.

Wannan bincike ya zaga duniya, ana koyar da shi a jami'o'i. A gida fa? Faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa, wanda a shekarun 1960 da 1970 yake kaiwa hekta 250,000 zuwa 300,000, ya sauko zuwa ƙasa da 100,000 a shekarun da suka biyo baya. Gaskiya ne farin 1973 da na 1984 suna da hannu a ciki, ba za a ɗora wa madatsu komai ba. Amma akwai ɓarnar da fari bai yi ba, ita ce ta ciyawar kacalla.

A da kogin Hadeja yana cika da damina ya bushe da rani, kuma wannan bushewar ita ke kashe ciyawar da ke son zama cikin ruwa. Da madatsu suka zo, sai aka rage ƙarfin ambaliyar damina, aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda masu noman rani. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne gidan kacalla. Ta cika ƙoramu, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Yanzu wasu garuruwa a gefen mashigin Marma, reshen kogin Hadeja da ke nufar Nguru, suna fama da ruwan da ya kwanta a gonakinsu ya ƙi tafiya, wasu kuma da ke kan tsohuwar hanyar kogin suna jiran ruwan da ba ya zuwa. Kwalekwale ba ya ratsawa, koma ba ta shiga. Tsuntsayen janbaki sun sami maɓoya a cikinta, daga nan suke tashi su faɗa wa gero da shinkafa. Duk shekara gwamnatoci suna kashe kuɗi wajen yashe kogi da sayen injinan yankan ciyawa da feshin tsuntsaye. Wannan kuɗi wani ɓangare ne na farashin yadda ake sarrafa madatsun nan, sai dai ba a taɓa rubuta shi a shafinsu ba, a shafin bala'i daga Allah ake rubuta shi. Mu masu imani ne, mun yarda da ƙaddara, amma hannun da ke buɗe ƙofar madatsa da rufe ta hannun mutum ne.

Na san abin da mutumin Kano zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Birnin Kano na miliyoyin mutane daga waɗannan koguna yake shan ruwa. Manomin Kura da Kadawa da Garun Malam da Bunkure shi ma talaka ne, da ruwan Tiga yake ciyar da iyalinsa, tumatirinsa har Legas yake kaiwa. Babu mai hankalin da zai ce a rushe Tiga ko Challawa. Abin da nake cewa shi ne a daina auna ɓangare ɗaya na sikeli. Idan za a faɗaɗa noman rani da hekta dubu a sama, a faɗa wa jama'a hekta nawa za ta bushe a ƙasa, masunta nawa za su ajiye koma, rijiya nawa za ta ƙara zurfi. Bayan haka a yanke hukunci ido buɗe. Wataƙila wani lokacin a ga faɗaɗawar ta cancanta. To sai a biya waɗanda aka ɗauke wa ruwa, kamar yadda ake biyan diyyar wanda hanya ta ci gonarsa.

Akwai kuma masu tsoron sa wa halittar Allah farashi, suna ganin duk abin da aka yi wa kuɗi an buɗe ƙofar sayar da shi. Wannan tsoro ina girmama shi. Babu adadin da zai wakilci bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, ko tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a Dagona da Baturiya kowane hunturu. Amma tarihin fadamar ya nuna ƙin yin lissafin bai kare ta ba, sai ma ya sauƙaƙa wa masu ɗibar ruwanta. Wasu ƙasashe sun gane haka. Birnin New York na Amurka ya ƙulla yarjejeniya a 1997 da mazauna tsaunukan Catskill, inda ruwan shansa ke fitowa, yana kashe kuɗi wajen kare dazuzzuka da gonakinsu, domin ya lissafa ya ga hakan ya fi masa araha a kan gina katafariyar matatar ruwa ta biliyoyin daloli. Kosta Rika tun shekarun 1990 take biyan masu filaye don su bar daji a tsaye, da kuɗin harajin man fetur. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsarin da ƙasashe za su riƙa shigar da irin wannan dukiya cikin ƙididdigarsu ta hukuma.

Mu ma ba kayan aiki muka rasa ba. Muna da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. A 2006 jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato tare da gwamnatin tarayya suka kafa asusu na musamman don kula da wannan kwarin kogi. Abin da ya rage shi ne lissafin ya zama mai haƙora. Rahoton muhalli da ɗan kwangila ke ɗaukar nauyinsa, a rubuta shi bayan an riga an yanke shawara, ba zai hana komai ba. Ya kamata doka ta wajabta cewa duk wani aikin madatsa ko faɗaɗa noman rani ya fito da adadin asarar mutanen da ke zaune ƙasa da shi a bin kogin cikin naira, a jere da ribar da ake alkawari, wani mai zaman kansa ya duba, a kuma karanta shi da Hausa da Badanci da Kanuri da Fulatanci a gaban waɗanda abin ya shafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarkin ruwan ƙauye ya san wace ƙorama ta toshe tun kafin hoton tauraron ɗan Adam ya nuna.

Hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are kuma ta fitar da jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa a fili, wanda ya ware wa fadama kasonta na ambaliyar damina, ya kuma bar kogin ya sha iska da rani a inda hakan zai yiwu, don a karya lagon kacalla. Masana sun daɗe da ba da wannan shawara.

Sai Kafin Zaki. Tun da kacalla da laka suka shaƙe kogin Hadeja, mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa daga Jama'are yake zuwa, domin shi ne babban reshen da har yanzu ba a ɗaure ba. Mutanen Bauchi suna da haƙƙin neman noman rani, kuma buƙatarsu ta gaske ce. Amma kafin a sake fitar da ko naira ɗaya don wannan madatsa, gwamnonin Jigawa da Yobe da Borno da 'yan majalisarsu su nemi a kawo musu takardar da ta nuna abin da manomin Jakusko da masuncin Gashuwa da mai tattasai a Gaidam za su rasa kowace shekara, da sunan wanda zai biya su.